Me ya sa mai fitar da zakka da hannunsa yake gudun mai karɓar haraji?

Wani Alhaji mai shagon kayan gini ya aiko mini da tambayar da na ga ya dace a amsa ta a fili, domin ba shi kaɗai take damu ba. Ya ce duk shekara yana fitar da zakkar dukiyarsa ba tare da kowa ya bi shi ba, yana ba da gudummawar masallaci da kuɗin 'yan sintiri da na gyaran taransifomar layinsu, amma da zarar ya hango jami'an haraji sun doso shagonsa sai ransa ya ɓaci, kuma haka duk abokan sana'arsa suke. Ya ji ana cewa Turawa da son ransu suke biya, shi ne yake tambaya ko halinmu ne mu mutanen ƙasashe masu tasowa, ko kuwa akwai wani dalili.

Alhaji, ba hali ba ne, kuma ba ƙarancin kishin ƙasa ba ne. Na daɗe ina aikin lissafin kuɗi da ba da shawara a kan haraji, na zauna da masu karɓa, na kuma zauna da masu biya, kuma abin da na tabbatar shi ne mutum ba ya ƙyashin ba da kuɗinsa domin amfanin jama'a. Abin da yake ƙi shi ne a mai da shi saniyar tatsa, ya biya alhali waɗanda suka fi shi ƙarfi ba su biya ba, ya miƙa wa hannun da bai amince da shi ba, sannan ya waiga bai ga inda kuɗin suka shiga ba. Amanar da mai biyan haraji ke ba gwamnati hukunci ne da yake yankewa bisa abin da idonsa ya gani, shi ya sa tallan rediyo da allunan bakin titi ba sa samar da ita.

Sai dai kafin in tsaya a gefenka, dole in faɗi abin da ke gefen gwamnati, domin giɓin gaskiya ne. Idan aka auna harajin da ƙasa ke tarawa da jimillar abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara, ƙasashe masu arziki na ƙungiyar OECD suna tara kusan kashi 34 cikin ɗari, matsakaicin ƙasashen Afirka kuwa bai wuce kashi 16 ba. Najeriya ta daɗe ana lissafa ta a kashi 6, sai a 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake lissafi ta ce abin ya kusa kashi 11, wanda duk da haka yana ƙasa da kashi 15 da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni ke ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin da ƙasa za ta iya riƙe kanta da shi. Ƙasar da ke ƙasa da wannan ma'auni ba ta iya biyan malamai da likitoci da sojoji sai da rance, kuma rancen talaka ne ke biyansa daga baya ta hanyar tsadar kaya. Siri Lanka ta zabtare haraji a ƙarshen 2019, har ta sauko da harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, daga kashi 15 zuwa 8, jama'a suka yi murna, amma a 2022 ƙasar ta kasa biyan basussukanta, aka wayi gari ana kwana a layin mai da na iskar gas. Saboda haka ba na cikin masu cewa haraji zalunci ne a karan kansa.

Game da Turawan da ka ji labari, akwai abin da ba a cika faɗa ba. Denmak na cikin ƙasashen da suka fi kowa tara haraji a duniya, sama da kashi 40 cikin ɗari na arzikinta. Masana tattalin arziki sun haɗa kai da hukumar harajin ƙasar aka binciki takardun mutane sama da 40,000, sai aka tarar cewa kuɗin da wani ne ke kai wa hukuma rahotonsu, kamar albashin da kamfani ke bayyanawa ko ribar ajiya da banki ke bayyanawa, abin da ake ɓoyewa a cikinsu bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Amma kuɗin da mutum ne da kansa zai faɗi nawa ya samu, irin na mai sana'ar kansa, kusan kashi 40 cikin ɗari ake ɓoyewa. Ma'ana, mai shago a Denmak bai fi mai shago a Kano ko Maraɗi tsarkin zuciya ba idan ya sami dama. Bambancin shi ne mafi yawan mutanen can ma'aikatan albashi ne, an cire harajin tun kuɗin ba su iso hannunsu ba. Irin wannan darasi aka samu a jihar Sao Paulo ta Barazil, inda daga 2007 aka fara mayar wa mai saye wani ɓangare na harajin da ya biya, tare da saka shi a cikin zaɓen masu rabo, muddin ya karɓi rasit da lambarsa a jiki. Cikin shekara huɗu cinikin da masu shaguna ke bayyana wa hukuma ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin ɗari, ba don sun sauya hali ba, sai don kowane mai saye ya zama shaida.

Wannan ne ya sa batun amana ya fi nauyi a wurinmu fiye da a wurinsu. A ƙasar da mafi yawan jama'a manoma ne da makiyaya da 'yan tireda da masu sana'ar hannu, ciniki kuma na tsabar kuɗi ne babu rasit babu littafi, gwamnati ba ta da idon da za ta sa a kowace rumfa, kuma ko ta ɗauki jami'ai dubu nawa ba za su wadatar ba. Abin da ya rage mata shi ne yardar mutane, wato su biya domin sun ga ya kamata, sun kuma tabbata wanda ya ƙi biya ba zai sha ba. Cibiyar Afrobarometer, wadda ke jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka fiye da 30, ta sha yin wannan tambaya, kuma amsar da take samu ta saɓa wa zaton masu cewa Baƙar fata ba ya son haraji. Mafi yawan waɗanda aka tambaya sun yarda cewa hukuma na da haƙƙin karɓar haraji. Waɗannan mutanen dai, da rinjaye mai yawa, su ne suka ce yana da wuya su san abin da doka ta ɗora musu, kuma ya fi wuya su san abin da ake yi da kuɗin. Akwai tambayar da ke ba mutum zaɓi uku game da wanda ya ƙi biya: ko bai yi laifi ba, ko ya yi laifi amma yana da uzuri, ko ya yi laifin da ya cancanci hukunci. Jama'a masu yawa a tsakiyar suke tsayawa, kuma ina jin kai ma, Alhaji, a nan kake.

Uzurin yana da tarihi, kuma wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya zabura. Tun kafin zuwan Turawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa a cikin abubuwan da sarakunan zamaninsa ke ƙwatar dukiyar mutane da su. Da Turawan Ingila suka ci ƙasar, Gwamna Lugga ya tattara tsofaffin kuɗaɗen da ake karɓa ya mai da su haraji guda, dagatai da hakimai na tarawa, gwamnatin mulkin mallaka na ɗaukar kasonta, saura ya shiga baitulmalin En'e. Tun da kuma da kuɗin Bature ake biya, manomin da a da gero da dawa suka ishe shi ya zama dole ya noma gyaɗa ko auduga, ko ya tafi ci-rani, ko ya gangara haƙar kuza a Jos. Dattawanmu har yau suna ba da labarin magidancin da aka shanya a rana a ƙofar dagaci saboda ya kasa biya, da Bafillacen da ke kora garkensa ya tsallaka iyaka idan lokacin ƙidayar shanu ya gabato. Ba arewa kaɗai ba ce ta ɗanɗana. A Saliyo harajin bukka ne ya tayar da yaƙin Bai Bureh a 1898. A gabashin Najeriya jita-jitar cewa za a sa wa mata haraji ce ta haddasa boren matan Aba a 1929, inda aka harbe mata fiye da 50. A Abekuta matan kasuwa ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti sun yi ta zaman dirshan a fadar Alake, sarkin garin, a kan haraji har sai da ya sauka daga karaga a farkon 1949.

Shi ya sa lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka ɗauke shi a matsayin 'yantarwa, kuma sun yi gaskiya, domin harajin kai da ke ɗora wa mai jaki ɗaya kusan abin da ya ɗora wa mai garke zaman kashin dankali ne. Tanzaniya ta soke irinsa a 2003, Yuganda a 2005, bisa dalilai masu kama da waɗannan. Kuskuren da aka yi a ganina shi ne ba a maye gurbinsa da wani haraji mai adalci da mutum zai biya ya kuma tambayi bahasinsa ba. Kuɗin man fetur suka cike gurbin, jihohi da ƙananan hukumomi suka saba da jiran kason wata-wata daga asusun tarayya, shugaba ya daina buƙatar aljihun talaka, don haka ya daina buƙatar yardarsa. Da kuɗin man suka gaza aka dawo neman haraji, sai aka tarar an yi shekara arba'in babu wata igiya tsakanin mai mulki da mai biya.

Yanzu ga abin da ya fi ɓata wa mutane rai a aikace, wato hannun da ke karɓa. A wata kasuwar hatsi da na taɓa yin aikin tantance kuɗin shiga, wani dattijo mai sayar da gero ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin buhu, ya juye mini shi a kan tabarma. Tikiti ne fal a ciki, fari da kore da ruwan hoda: na rumfa, na shara, na sauke kaya, na ƙofa, na ƙungiya, wani naira 50, wani 100, wani 200. Da na baje su sai na ga wasu babu lamba, wasu biyu lambarsu ɗaya, wasu kuma hatimin jikinsu ya dushe ba a gane na wace hukuma ce ba. Taku biyar daga inda muke zaune kwata ce a toshe da shara, ruwanta ya yi baƙi. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, ni ban ƙi biya ba, ga shaida a gabanka. Nuna mini guda ɗaya a cikin nan wanda ya isa asusun gwamnati.” Ban iya nuna masa ba. A takardun hukuma wannan dattijo yana cikin waɗanda ake cewa ba sa biyan haraji, alhali idan aka tara abin da ke fita daga aljihunsa a shekara aka auna da ribarsa, ya fi wasu manyan ma'aikata biya.

Kwamitin gyaran haraji da Shugaba Tinubu ya kafa a 2023 ƙarƙashin Taiwo Oyedele ya ce harajin da doka ta sani a Najeriya sun haura 60, waɗanda ba ta sani ba kuwa sun ninka haka. A 1998 an yi dokar da ta jera abin da kowane matakin gwamnati ya halatta ya karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a hanya domin karɓar haraji, amma duk direban da ya taɓa ɗaukar shanu ko albasa daga arewa zuwa kudu ya san adadin shingen da yake tsayawa. Babbar musibar ita ce bayar da karɓar haraji kwangila ga 'yan kamasho, domin wanda ribarsa ke rataye a kan yawan abin da ya tatsa ba ruwansa da ko za a amince da gwamnati gobe. An gwada wannan da ma'auni a lardin Punjab na Pakistan, inda aka riƙa ba jami'an harajin gidaje lada gwargwadon abin da suka tara. Kuɗin shiga sun ƙaru ƙwarai, amma ƙarin daga wasu 'yan gidaje kaɗan ya fito, sauran masu gidajen kuwa na goron da ake karɓa a hannunsu ne ya hau, domin jami'in ya sami dalilin tsawwala farashin kau da kai. Jihar Kaduna ta bi wata hanyar daban tun daga 2016, ta haɗe karɓar kuɗin shiga a hukuma ɗaya, ta hana karɓar tsabar kuɗi a hannu, kuma abin da take tarawa ya tashi daga ƙasa da naira biliyan 20 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. Wani ɓangare na wannan ƙari kuɗin da jama'a ke biya ne tun da can, waɗanda a da suke zurarewa a hanya.

Sai batun shafaffu da mai. Na halarci wani taron wayar da kai da aka shirya wa 'yan kasuwa, jami'i ya yi kusan sa'a guda yana karanto sashe-sashen doka da tarar da ke kan wanda ya yi jinkiri. Da ya gama, wata Hajiya mai sayar da atamfa ta miƙe ta nuna wani dogon bene da ake hange ta taga, ta ce, “Ranka ya daɗe, mai wancan nawa ya biya bana?” Ɗakin ya yi tsit, kuma daga nan taron bai sake kama hanya ba. Tambayarta ita ce tambayar kowane mai biyan haraji a duniya, kuma Yuganda ta taɓa neman amsarta da gaske. Da hukumar harajin ƙasar ta duba takardun manyan jami'an gwamnati 71 waɗanda ke da manyan kadarori da kasuwanci, sai ta tarar mutum ɗaya tak ne ya biya harajin kuɗin shigarsa na kansa cikin shekarun da aka bincika. A 2015 ta buɗe sashe na musamman domin masu hannu da shuni, ta fara da mutum 117, waɗanda kashi 13 cikin ɗari kaɗai ke shigar da takardun harajinsu. Cikin 'yan shekaru suka kai kashi 78. Ba da dirar mikiya aka fara ba, zuwa aka yi aka zauna da su ɗaya bayan ɗaya, ana nuna musu cewa hukuma ta san abin da suka mallaka. Jami'ai ƙalilan ne suka yi wannan aiki, suka kuma tara abin da dubban masu bin rumfuna ba za su tara ba. A kan wannan ina da ra'ayi mai ƙarfi: gwamnatin da ke korar mai tallan ƙosai ta bar mai gidajen haya hamsin da kamfanonin da ake yafe wa haraji shekara da shekaru, ita ce ke koya wa jama'a cewa haraji tarko ne na marasa galihu. Kwamitin da tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya jagoranta ya ƙiyasta a 2015 cewa Afirka na asarar sama da dala biliyan 50 duk shekara ta hanyar kuɗaɗen da ake fitarwa ba bisa ƙa'ida ba, mafi yawansu ta hannun manyan kamfanoni.

Abin da ake gani a ƙasa kuwa, Gana ce ta fi kowa ba da darasi a kansa. A 1995 gwamnatin Rawlings ta shigo da harajin VAT a kan kashi 17.5 cikin ɗari ba tare da cikakken bayani ba, jama'a suka fito zanga-zangar da aka sani da Kume Preko, wato a kashe mu kawai a huta, aka rasa rayuka, gwamnati ta janye. A 1998 ta dawo da harajin nan dai a kan kashi 10 bayan an zagaya ana yi wa mutane bayani, ya zauna lafiya. Da ta tashi ƙarawa sai ta ɗaura kowane ƙari a kan abin da mutum zai iya nunawa da yatsa: kashi 2.5 domin asusun ilimi a 2000, wani kashi 2.5 domin inshorar lafiya bayan 'yan shekaru. Ƙasar nan ce kuma a 2022 ta sa harajin kashi 1.5 a kan tura kuɗi ta waya, mutane suka koma wa tsabar kuɗi, abin da aka tara ya gaza abin da aka yi hasashe nesa ba kusa ba, aka rage shi, daga bisani aka soke shi a 2025. Jama'a ɗaya ne, amsa ce ta bambanta gwargwadon yadda aka zo musu. A Kenya tura ta kai bango a watan Yunin 2024, bayan an gabatar da ƙudurin da ya ƙunshi sa haraji har a kan burodi, alhali fiye da rabin kuɗin shigar ƙasar na tafiya wajen biyan bashi, matasa kuma na kallon facakar 'yan siyasa a wayoyinsu. Ranar 25 ga watan suka kutsa majalisar dokoki a Nairobi, aka kashe mutane, washegari Shugaba Ruto ya ce ba zai sa hannu ba.

Legas ita ce misalin da ake yawan kawowa a gida, kuma ta cancanta, amma da sharaɗi. A 1999 jihar na tara kimanin naira miliyan 600 a wata. Kafin Gwamna Fashola ya sauka a 2015 ta haura biliyan 20. Gwamnati ta zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a, ta kuma tabbatar ana ganin aiki, irin su manyan motocin haya na BRT da gyaran unguwar Oshodi da kwashe shara, tana rubuta wa mutane a jikin aikin cewa harajinsu ne. Sharaɗin shi ne kaso mafi tsoka na kuɗin daga albashin ma'aikatan bankuna da kamfanoni yake fitowa, abin da jihohi da yawa ba su da shi, kuma ko a Legas ɗin da aka tsawwala harajin filaye da gidaje a 2018 sai da jama'a suka tayar da ƙayar baya aka rage.

Mu dawo kan zakkarka, Alhaji, domin amsar tambayarka na cikinta. Ba na haɗa ibada da dokar gwamnati, zakka rukuni ce ta addini da mutum ke nema wa lada a wurin Ubangijinsa, kuma wannan ƙarfi ne da haraji ba zai taɓa ara ba. Amma dubi tsarinta. Ka san nisabi, ka san ɗaya bisa arba'in ne a kan kuɗi da kayan ciniki, ka san sau ɗaya ce a shekara, ka san wanda bai kai ba babu komai a kansa, ka san rukuni takwas da Alƙur'ani ya ambata a Suratut Tauba, kuma sau da yawa da idonka kake ganin wanda ya karɓa. Babu wanda zai zo maka gobe da wani sabon tikiti ya ce an ƙara. Haka kuɗin taransifoma: an faɗi nawa ne, an rubuta sunan wanda ya ba da da wanda bai ba da ba, wuta ta dawo ko ba ta dawo ba kowa ya gani, ma'ajin kuma maƙwabcinka ne da za ka tare bayan sallar Magariba. Binciken da aka yi a Saliyo ya nuna cewa irin waɗannan kuɗaɗen na al'umma kan kai kusan rabin abin da gida ke biya na haraji da gudummawa, kuma mutane sun fi amincewa da su a kan na gwamnati, ko da yake nauyinsu ya fi danne talaka. Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa hannun karɓa ne matsalar ita ce ta Pakistan: tun 1980 gwamnati ke cire zakka kai tsaye daga asusun ajiya na banki ranar 1 ga Ramadan, kuma sananne ne cewa mutane da yawa kan kwashe kuɗinsu kafin ranar, su raba zakkarsu da kansu. Maleshiya kuwa ta zaɓi ta rage wa Musulmi harajinsa daidai da zakkar da ya biya ta hannun hukuma, don kada ya ji an karɓa sau biyu.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ka sani, domin ya shafi abin da ƙin biya ke jawo mana. A birnin Kananga na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda kusan babu mai biyan harajin gida, an bi gida-gida a wasu unguwanni a 2016 ana rajista ana karɓa da rasit. Kimanin mutum ɗaya cikin goma ne ya biya, amma mazauna waɗannan unguwanni sun fi sauran zuwa tarukan da gwamnatin lardi ta kira, da kusan kashi ɗaya bisa uku, suna tambayar ina hanya, ina ruwa, ina aka kai kuɗin. Wanda ya biya yana jin yana da bakin magana. Da aka sake gwaji a birnin ta hannun masu unguwanni, sun tara fiye da jami'an gwamnati da sama da kashi 40 cikin ɗari, musamman saboda sun san gidan da ke da hali da wanda ba shi da shi, ko da yake karɓar na goro ma ta ɗan ƙaru. Wannan abin lura ne ga jihohinmu da ke da masu unguwanni da dagatai, muddin ba a manta da dalilin da ya sa aka raba su da wannan aiki a 1979 ba.

A watan Yunin 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu na Najeriya, bayan doguwar taƙaddama wadda a cikinta gwamnonin arewa suka yi watsi da tsarin rabon kuɗin VAT da aka fara gabatarwa a 2024. Dokokin sun yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ke samu a shekara, sun bar VAT a kashi 7.5, sun ɗauke shi daga kan kayan abinci na yau da kullum da magani da ilimi, sun kuma samar da ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji. A takarda waɗannan matakai ne masu kyau, amma dattijon kasuwar hatsi ba zai auna su da takarda ba, da yawan tikitin da ke shiga gwangwaninsa zai auna.

Kai kuma a naka ɓangaren, shawarata ita ce ka riƙe littafin ciniki ko da na hannu ne, domin wanda ba shi da lissafi ƙiyasi ake yi masa, ƙiyasi kuwa shi ne ƙofar ciniki da toshiyar baki. Ka nemi a ba ka takardar da ta nuna sunan harajin da dokar da ta kafa shi, ka biya ta banki zuwa asusun hukuma, ka adana rasit, kada ka yarda da ragin da za a yi maka a bakin shago ba takarda. Idan adadin da aka yanka maka ya wuce ƙima, doka ta ba ka damar rubuta ƙorafi cikin wa'adin da ke jikin takardar, kuma mutane da yawa na rasa haƙƙinsu ne don sun bar wa'adin ya wuce. Sannan ku yi amfani da ƙungiyarku ta masu kayan gini: ku tara rasit ɗinku na shekara, ku fitar da jimilla, ku je wa shugaban ƙaramar hukuma da hukumar kuɗin shiga ta jiha da wannan adadi a rubuce, ku nemi a haɗe muku tikitin nan su zama biya ɗaya, a manna jadawalinsa a ƙofar kasuwa, a kuma sa ranar da za a yashe kwata da ranar da za ku dawo ku duba.